Adabin Gargajiya, Wasan Kwaikwayo da Kishin Ƙasa: Katsina a Madubin Ƙasar Ailan

Gabatarwa

Manazarta wasan kwaikwayo na Hausa sun saba raba shi gida biyu, watau na gargajiya da na zamani. A ƙarƙashin na gargajiya akan kawo tashe da wasan gauta da kalankuwa da 'yankamanci da wasannin yara na dandali, wasu ma sukan haɗa har da bori. A ƙarƙashin na zamani kuwa sai a jero rubutattun wasanni da na rediyo da talabijin, sa'an nan fim. Wannan rabo yana da amfani ga ɗalibi mai shirin jarrabawa, amma ya bar wata tambaya a buɗe: me na zamanin ya ɗauko daga na gargajiyar, me ya bari a baya, kuma don me ya bar shi?

Tambayar ta fi nauyi a Katsina. A wannan birni aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, wadda ta yaye marubutan farko na ƙagaggun labarai cikin boko. A ƙasar nan Durɓi ta Kusheyi take, kuma rijiyar Kusugu ta Daura ba ta da nisa. Fadar Sarki kanta Gidan Korau ake ce mata. Duk da haka, in aka duba fitattun wasannin da ake karantawa a makarantu, ba a ga Korau a cikinsu, ba a ga Sanau. Abin da ake gani shi ne miji da mata da kishiya, da alhaji da 'yar makaranta, da karuwa da alƙali.

Domin a gane dalili, wannan maƙala za ta ɗora Katsina kusa da wata ƙasa mai nisa, watau Ailan, wadda ta zauna ƙarƙashin Ingila kamar yadda ƙasar Hausa ta zauna, amma marubutanta suka mai da labaran kakanninsu makamin neman 'yanci a kan dandali.

Abin da Ya Faru a Ailan

Ailan tsibiri ne a yamma da Ingila, yana da harshensa na asali da ake kira Gelik. Tsakanin 1845 da 1852 wata cuta ta kama dankalin da talakawa suka dogara da shi, aka yi yunwar da ta kashe mutum kimanin miliyan ɗaya, wasu kamar haka kuma suka yi ƙaura, galibi zuwa Amurka da Ingila. Waɗanda yunwar ta fi ci su ne mutanen karkara masu magana da Gelik, saboda haka harshen ya bi su. A ƙidayar 1911 masu jin sa ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na jama'ar tsibirin ba. Wannan ita ce gaɓar da ya kamata mai karatu ya riƙe: mutanen Ailan sun waiwayi adabinsu na baka ne a lokacin da suka ga yana shirin kuɓuce musu.

A 1893 Douglas Hyde da abokansa suka kafa ƙungiyar raya harshen Gelik. Shi Hyde ya yi yawo yana rubuta waƙoƙi da tatsuniyoyi daga bakin tsofaffi, ya kuma rubuta ɗan gajeren wasa cikin Gelik wanda aka nuna a Dablin a 1901, aka gina shi a kan wani labarin gargajiya na yadda mutanen gida suka yi wa wani mawaƙi mai cika baki dabara, suka sa shi tufka igiya yana ja da baya har ya fita ƙofa suka rufe. Wannan mai tattara tatsuniya shi ya zama shugaban ƙasar Ailan na farko a 1938. A 1899 kuma mawaƙi W. B. Yeats da Lady Gregory da Edward Martyn suka kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo, wadda ta haifi gidan wasa na Abbey da aka buɗe a Dablin cikin Disamba 1904.

Wasanni biyu sun isa misali. Na farko shi ne Cathleen ni Houlihan, na Yeats da Lady Gregory, wanda aka nuna a 1902. An gina shi a kan wata tsohuwar al'adar mawaƙan ƙasar ta siffanta Ailan da mace. Ana shirin bikin wani saurayi a wani ƙauye a shekarar tawayen 1798, sai ga wata tsohuwa ta shigo gidan, tana kukan baƙi sun ƙwace mata gonakinta huɗu. Aka ba ta kuɗi ta ƙi karɓa, domin abin da take nema shi ne wanda zai ba da kansa. Ango ya bar amarya ya bi ta. Da aka tambayi ƙanensa ko ya ga wata tsohuwa a hanya, sai ya ce shi budurwa ya gani mai tafiyar sarauta. Gonakin huɗu su ne lardunan Ailan huɗu. Bahaushen da ya tashi da tatsuniya ba zai ga baƙon abu a nan ba, don kuwa ya san tsohuwar da akan tarar a bakin rafi ko a bukka, wadda ta fi ƙarfin yadda ake ganinta, kuma yadda aka bi da ita shi yake yanke wa tauraro rabonsa. Bambancin kawai shi ne tsohuwar tatsuniyarmu tana gwada ladabin yarinya, ita kuwa wannan tana neman jinin saurayi saboda ƙasa. A 1916 'yan kishin ƙasa suka yi tawaye a Dablin, Ingila ta harbe shugabanninsu, kuma Yeats a ƙarshen rayuwarsa ya tambayi kansa cikin waƙa ko wasan nan nasa yana cikin abin da ya tura wasu ga bakin bindiga.

Haka kuma suka tono wani gwarzo na tsofaffin labaransu, Cuchulain, wanda ake furta sunansa kamar Kukalin. Lady Gregory ta sake rubuta labaransa cikin Ingilishi a 1902, Yeats ya yi wasanni da dama a kansa, har da wanda a ciki gwarzon ya kashe ɗansa bai sani ba. Patrick Pearse, jagoran tawayen 1916, ya sa yaran makarantarsa suna kwaikwayon labarin Kukalin. A 1935 aka kafa mutum-mutumin gwarzon a babban gidan waya na Dablin, inda 'yan tawayen suka yi sansani.

Wasa na biyu ya nuna ɗaya fuskar. J. M. Synge ya riƙa zuwa tsibiran Aran tun daga 1898, ya zauna da masunta, ya koyi Gelik, ya saurari hirarsu. Daga wani labari da ya ji can ya gina The Playboy of the Western World, inda wani saurayi ya iso wani ƙauye yana cewa ya kashe ubansa, mutanen ƙauyen kuwa suka ɗauke shi gwarzo, 'yan mata suna rububinsa, har ranar da uban ya bayyana da rauni a ka. Da aka nuna wasan a Janairu 1907 sai 'yan kallo suka ta da tarzoma, aka kira 'yan sanda. 'Yan kishin ƙasa, waɗanda suka yi wa tsohuwar Yeats tafi, su ne suka yi wa ƙauyawan Synge ihu, alhali dukkan wasannin biyu daga rijiya ɗaya aka ɗebo su. Jama'a na son a nuna musu gargajiyar da ta wanke su. Wadda ta tona su kuwa sai su ce ƙarya aka yi musu.

Yadda Wasan Hausa na Zamani Ya Taso

Akwai wata 'yar alaƙa ta ban mamaki tsakanin tsibirin nan da adabin Hausa. Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, wanda Frank Edgar ya fitar cikin kundi uku tsakanin 1911 da 1913, a Belfas ta arewacin Ailan aka buga shi. Watau a shekarun da mutanen Dablin suke ɗora labaran kakanninsu a kan dandali, a wani birni na tsibirin ana ɗab'in labaran Gizo da Ƙoƙi. Sai dai manufar ta sha bamban ƙwarai. Malaman Hausa ne suka rubuta labaran da ajami, musamman a Sakkwato, amma an juya su zuwa boko ne domin jami'an mulkin mallaka su koyi harshen waɗanda suke mulka. Hyde ya tattara nasa don ya farkar da mutanensa. Namu an tattara shi don baƙo ya san hanya.

Rubutaccen wasa ma ta ƙofar makaranta ya shigo. Cikin shekarun 1930 R. M. East na Hukumar Talifi ta Zariya ya fitar da Six Hausa Plays, wasanni shida da aka gina bisa labaran gargajiya domin 'yan makaranta su riƙa yi. Shi ne kuma ya shirya gasar 1933 wadda ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, lokacin yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina, da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, wanda daga baya ya zama Walin Katsina, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, shi ma tsohon ɗalibin Kwalejin Katsina. A fagen zube, ashe, Katsina ta shiga rumbun gargajiya da wuri: sunan Ruwan Bagaja daga tatsuniyar 'yar bora da 'yar mowa ya fito, Ganɗoki kuwa jarumi ne da ya yi yaƙi da Nasara. Da an sami wanda ya ɗora Ganɗoki a kan dandali a 1934, da ƙasar Hausa ta sami abin da ya yi kama da Kukalin. Wasan kwaikwayo bai bi wannan hanya ba.

Hanyar da ya bi ita ce ta gyaran hali. Wasan Marafa na Abubakar Tunau (1949) yana koyar da tsafta. Zamanin Nan Namu (1959) da Jatau Na Kyallu (1960) na Shu'aibu Maƙarfi, waɗanda suka fara a rediyo, suna jan kunne kan lalacewar tarbiyya da auren karuwa. Uwar Gulma na Mohammed Sada (1968) yana nuna wahalar da Halima ta sha a hannun Hayatu. Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina (1979) yana bayyana yadda mai kuɗi yake lalata rayuwar 'yar makaranta. Ko Malam Aminu Kano, wanda ya fi kowa kusa da mai da wasa makamin siyasa tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna a ƙarshen shekarun 1930, bai nemo gwarzo daga tarihi ba. Azzaluman zamaninsa ya yi wa ba'a, masu cutar talaka a kasuwa da fada.

Kuskure ne a ce waɗannan marubuta sun juya wa gargajiya baya. Sun ɗauki wani sashe nata ne, kuma sashen da suka ɗauka shi ne wanda suka tarar da ransa. Tashe, wanda yara da samari suke fara yi daga goma ga watan azumi, ba ya ba da labarin mazan jiya. Yana kwaikwayon mai maganin ƙarya ne, da malamin da ya saki girmansa, da gwauron da ya ƙi aure, da zaman miji da mata, ana dariya ana gyara. A wasan gauta matan fada sukan yi shigar sarki da hakimansa su kwaikwayi maganarsu da tafiyarsu a gaban idonsu, kowa ya ga aibinsa ba tare da an kira sunansa ba. A kalankuwa samarin ƙauye sukan naɗa nasu sarki da alƙali da dogarai bayan kaka. Ɗankama yakan ari muryar mai wa'azi ya yi ta bayani a kan tuwo da miya. Wannan jini ne ya gudana zuwa Jatau da Hayatu, ya wuce zuwa Samanja na Usman Baba Pategi da wasannin Ƙasimu Yero a talabijin ta Kaduna. Wanda ya kalli Samanja yana murɗa Hausa irin ta barikin soja ya kalli jikan Macukule na tashe, wanda shi ma da karyayyar Hausa yake ba da dariya. Haka kuma lokacin da malamai da ɗaliban wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello suka fita karkara a ƙarshen shekarun 1970, har suka kai Maska ta ƙasar Katsina, matsalolin manoma na yau da gobe suka mai da wasa.

In an yi amfani da ma'aunin Ailan, to, sai a ce wasan Hausa ya sami magadan Synge da yawa, Yeats ne bai samu ba. Dalili na farko a fili yake. Hausa ba ta taɓa shiga halin da Gelik ya shiga ba. Turawan mulki da kansu suka ɗauke ta harshen aiki a Arewa, aka yi mata jarida, Gaskiya Ta Fi Kwabo, a 1939. Wanda harshensa yake cin ƙasa ba ya jin tsoron da zai sa shi ya ruga wurin tsofaffi da alƙalami. Dalili na biyu, aikin da gidan wasa na Abbey ya yi wa Dablin akwai masu yin sa a nan tun tuni. Makaɗan fada da maroƙa suna riƙe da sunayen sarakuna da yaƙe-yaƙensu, malamai suna riƙe da tarihin jihadi cikin Larabci da ajami, hawan salla kuma yana fito da tsarin sarauta gaba ɗaya a kan dawaki sau biyu a shekara, daga Gidan Korau zuwa cikin gari. Mutumin da yake ganin wannan tun yana goye ba ya bukatar a sayar masa da tikiti kafin ya san ko shi wane ne. Da zamanin siyasa ya zo a shekarun 1950 kuwa, waƙa ce ta ɗauki kayan, NEPU da NPC kowace da mawaƙanta.

Korau da Sanau

Akwai dalili na uku, wanda ya fi waɗancan zurfi, kuma labarin Korau ne ya fi fito da shi.

Ga yadda ruwayar baka ta kawo shi a taƙaice. Sarautar Katsina ta fara ne a hannun Durɓawa, zuriyar Kumayau, kuma na ƙarshensu shi ne Sanau. A wancan zamani sarki sai ya kare gadonsa da kokawa. Sanau gwanin kokawa ne, yana da wani asiri a jikinsa wanda muddin yana tare da shi bayansa ba ya taɓa ƙasa. Korau kuwa baƙo ne daga 'Yandoto, garin malamai da fatake da ke yamma, cikin Zamfara ta yanzu, kuma abokin Sanau ne, a wurinsa ya sauka. Ta hannun matar Sanau aka san sirrin, aka raba shi da layarsa. Aka haɗu a gindin tsamiyar da ake kira Bawada, Korau ya kayar da Sanau, ya yanka shi, ya hau gado. Takobin nan Gajere, wanda yake cikin kayan sarautar Katsina, da Korau ake danganta shi. Kirarin da ake yi masa bai ɓoye abin da ya faru ba, yana ambatonsa a matsayin baƙon da ya yanka mai masaukinsa.

Duk wanda ya san zubi da tsarin wasa zai ga cewa an riga an gama masa rabin aiki. Taurari uku ne kacal, kowanne da abin da zai rasa. Wuri ɗaya ne, gindin itace. Akwai amana, akwai cin ta. Akwai kuma mace wadda ruwayar ba ta ba ta baki ba, ba a faɗi abin da ya raba zuciyarta da mijinta ba, kuma a irin wannan gurbi ne marubuci yake samun wurin zama. Kokawa kuwa da kiɗanta da kirarinta abin kallo ce tun kafin a ce za a yi wasa da ita.

Masana tarihi sun ƙara wa labarin nauyi. Yusufu Bala Usman, a littafinsa kan sauye-sauyen Katsina daga 1400 zuwa 1883 wanda aka buga a 1981, ya sanya Muhammadu Korau a ƙarni na 15, zamani ɗaya da Muhammadu Rumfa na Kano, ya kuma kalli hawansa a matsayin alamar juyin da ya kai ga kafuwar birni da sarauta irin ta birni, inda fatake da malamai suka sami ƙarfi a kan tsofaffin gidaje masu riƙe da wuraren bautar iskoki. Korau ake ɗauka sarkin Katsina Musulmi na farko. Bisa wannan fahimta, kokawar gindin tsamiya karo ce tsakanin zamani biyu. Waɗanda aka kayar ɗin ma ba a shafe su ba: sarautar Durɓi ta wanzu cikin manyan sarautun Katsina, kuma kushewun Durɓawa suna nan a ƙasar Mani.

To, a nan wahalar take. Marubucin da ya ɗauki wannan labari dole ya tsai da shawara a kan wanda 'yan kallo za su tausaya wa. In ya bi Korau, ya ɗaukaka wanda ya ci amanar mai masaukinsa, abin da Bahaushe yake ƙyama ƙwarai. In ya bi Sanau, ya sa jama'a kuka saboda sarki mai dogaro da tsafi a kan wanda ake ɗauka ya shigo da Musulunci fada. Mutanen Ailan ma Kiristoci ne masu riƙo, Kukalin kuwa gwarzon zamanin maguzancinsu ne, amma shekaru fiye da dubu sun shiga tsakani, kuma limaman Kirista ne da kansu suka rubuta labaransa a littattafai, saboda haka ya zama kayan tarihi da ba ya yi wa imanin kowa barazana. A ƙasar Hausa abin bai yi wannan nisa ba. Bori da tsafi suna cikin abubuwan da masu jihadi suka yaƙa a farkon ƙarni na 19, kuma malamai ba su daina wa'azi a kansu ba.

Daɗin daɗawa, gadon Korau yana da masu da'awa biyu. A 1807 Ummarun Dallaje ya karɓi Katsina da tutar Shehu, sarakunan Haɓe suka fita arewa, daga baya suka kafa Maraɗi, inda har yanzu sarkin yake amsa sunan Sarkin Katsina. Gidan yana Nijeriya, zuriyar da ta gaji mai gidan tana Nijar, iyakar da Ingila da Faransa suka ja ta bi ta tsakani. Wasa a kan Korau zai yi wata ma'ana a Katsina, ya yi wata a Maraɗi. Wannan ma ba baƙon abu ba ne ga Ailan: Kukalin ɗin da 'yan neman 'yanci suka kafa a gidan waya na Dablin, shi ne masu son zama da Ingila suka zana a bangayen Belfas, suna cewa ai gwarzon lardinsu ne da ya tsare shi daga mutanen kudu.

Wace Ƙasa?

Kalmar "ƙasa" ita kanta tana da santsi a bakin Bahaushe. Akwai ƙasar Katsina, akwai ƙasar Hausa, akwai Arewa, akwai Nijeriya. Yeats yana da tsibiri wanda teku ta shata masa iyaka. Marubucin Hausa kuwa in ya ce zai yi wasan kishin ƙasa, sai an tambaye shi wacce.

Labarin Bayajida shi ne ya fi kusa da zama labarin Hausawa duka: baƙo daga gabas, ya biyo ta Barno, maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa, ya sauka a gidan tsohuwa Ayana a Daura, ya kashe macijin Kusugu da ke hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, ya auri Daurama, jikokinsa suka kafa Hausa Bakwai. Yana da daɗin nunawa, kuma yara sun sha yin sa a makarantu. Amma labarin yana da wutsiya, watau Banza Bakwai, zuriyar ƙwarƙwara, inda akan lissafa Zamfara da Kabi da Yawuri da Nupe da Gwari da Kwararrafa da Yarabawa. Labarin da ya haɗa Daura da Kano da Katsina da Gobir a ɗaki ɗaya, shi ne ya bar maƙwabta a zaure da suna marar daɗi. Ba za a kai shi dandalin ƙasa irin Nijeriya yadda yake ba, sai an yi masa aski. Abdullahi Smith kuma tun 1970 ya nuna shakka a kan ɗaukarsa a matsayin tarihin asalin daulolin Hausa. Wannan bai rage masa daraja a wurin mai wasa ba, domin dandali ba kotun tarihi ba ne, amma ya kamata marubuci ya san abin da yake riƙe da shi.

Abin lura ne cewa da Nijeriya ta tashi nuna kanta ga duniya a bikin FESTAC na 1977, abin da ɓangaren Hausa ya fitar shi ne gagarumin hawan daba a Kaduna da fim ɗin Shaihu Umar na Adamu Halilu (1976), wanda ya biyo bayan wasan da Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka tsara daga littafin Tafawa Ɓalewa. Tauraron malami ne mai haƙuri wanda bauta ta raba shi da uwarsa. Doki da malami: su ne fuskar da aka ga ba za ta jawo gardama ba.

A hayin iyaka abin ya ɗan bambanta. Gwamnatin Seyni Kountché, wadda ta hau a 1974, ta raya ƙungiyoyin samariya, ta riƙa shirya bikin matasa na ƙasa inda jihohi suke gasar wasan kwaikwayo, ƙungiyoyin Damagaram da Maraɗi suna yin nasu da Hausa. André Salifou ya rubuta wasa a kan Tanimun, Sarkin Damagaram. Abdoulaye Mamani kuma ya ɗauko labarin Sarauniyar Lugu, wadda ta tsaya wa rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899, ya mai da shi littafi a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin fina-finan Afirka na Wagadugu a 1987. Sarauniyar Azna ce, ba Musulma ba, amma da yake abokin gābarta Bature ne, sai ta zama ta kowa. Wannan ita ce Cathleen ta ƙasar Hausa in akwai ta. Sai dai Salifou da Mamani da Faransanci suka rubuta, kamar yadda Yeats da Synge suka rubuta da Ingilishi, kamar kuma yadda Ahmed Yerima ya rubuta wasansa a kan Sarkin Musulmi Attahiru da Ingilishi. Gwarzon tarihi yakan fito da harshen baƙo, mai ban dariya ya fito da harshen gida.

Batun Tattarawa

Saura abu ɗaya da Ailan ta yi wanda ba ya bukatar a warware ko ɗaya daga cikin waɗannan matsaloli. A 1935 gwamnatinta ta kafa hukumar tattara adabin baka. Tsakanin 1937 da 1939 aka sa yara fiye da 50,000 a makarantun firamare kimanin 5,000 su je wurin kakanninsu da maƙwabta su rubuto tatsuniya da karin magana da magungunan gargajiya da tarihin unguwa, kowane da sunan wanda ya faɗa da garinsu. Littattafan yaran suna ajiye a Dablin, an kuma ɗora da yawansu a intanet.

A nan an yi ƙoƙari irin na mutum ɗaya ɗaya. Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da jerin Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970, Umaru Dembo ya rubuta Wasannin Yara, ɗalibai kuma sun cika ɗakunan karatu na sassan Hausa da kundayen digiri a kan tashe da kalankuwa. Masu fim na Kano, waɗanda suka fara da Turmin Danya a 1990, sun taɓa tatsuniya a Daskin da Riɗi, sa'an nan soyayya da rawa suka rinjaye su. Ruwayar Korau da akan karanta a littattafai kuwa mafi yawa ta biyo ta hannun jami'an mulkin mallaka irin su H. R. Palmer ne, waɗanda suka ji ta daga bakin fada. Yadda Durɓawan ƙasar Mani suke ba da labarin faɗuwar kakansu, da yadda makaɗan fadar Maraɗi suke ba da shi, da abin da tsofaffin mata na cikin birni suke faɗa game da matar Sanau, ruwayoyi ne daban daban, kuma marubucin da zai ba wa matar nan baki a kan dandali zai bukaci ya ji dukkansu. Daga Katsina zuwa Mani tafiyar ƙasa da awa ɗaya ce a mota, zuwa Maraɗi kuwa ta hanyar Jibiya ba ta kai kilomita 100 ba.